Gyaran Tsohon Jirgi da Amanar Mai Gyara

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma in an bi ta sannu a hankali sai a tarar ta taɓa falsafa, ta taɓa fiƙihu, ta kuma taɓa ran ɗan Adam. Tambayar ita ce: idan mutum ya sami tsohon jirgin ruwa ya gyara, ya sauya masa wannan ya sauya masa wancan har ya fito fes, shin jirgin nan shi ne na da, ko kuwa wani ne dabam? In kuma aka ɗebi mutane a cikinsa ya nutse da su, alhakin yana wuyan wa?

Na zaɓi wani irin jirgi na musamman domin in kafa misali da shi, saboda ƙirarsa ta sa tambayar ta fito fili fiye da yadda za ta fito a jikin kwalekwalen itace. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da bayanin sana'a da zai zo da fari, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san yadda yake ba.

Asalin Jirgi Mai Tif

Jirgin da nake nufi shi ne wanda Turawa ke kira RIB a taƙaice, mu kuwa a nan za mu ce masa jirgi mai tif. Ƙirarsa kashi biyu ce. Akwai ganga, watau jikin jirgin mai tauri wanda ke zaune cikin ruwa, wadda akan ƙera da faiba ko alminiyam, ƙasanta kuma a tsuke yake kamar harafin V domin ta riƙa tsaga igiyar ruwa. Sa'an nan akwai tif, wani ƙaton bututu na yadi mai roba da ake hura wa iska, wanda ya kewaye bakin gangar daga goshi zuwa gefe biyu. A can baya kuma akwai allo mai kauri inda ake rataya inji.

Abin da zai ba mu sha'awa mu ɗalibai shi ne, 'yan makaranta ne suka yi aikin da ya haifar da wannan jirgi. A shekarar 1962 aka buɗe wata makaranta mai suna Atlantic College a bakin teku, a kudancin yankin Wales na ƙasar Birtaniya, ƙarƙashin shugabancin wani tsohon hafsan sojan ruwa mai suna Desmond Hoare. Cikin ayyukan ɗaliban har da ceton waɗanda ruwa ya rutsa da su. Mashigin Bristol, inda makarantar take, wuri ne mai wuyar sha'ani, domin a wasu sassansa tazarar da ke tsakanin cikowar teku da janyewarsa takan haura mita 12, gaɓar kuma duk duwatsu ne. Jiragen roba zalla da suke aiki da su sai ƙasansu ya riƙa yagewa a kan duwatsun nan. Wajen 1964 sai suka manna wa tif ɗin katako a ƙasa maimakon yadi, daga baya suka riƙa gyara siffar katakon har ya zama ganga mai tsaga ruwa. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa tun 1824, ta karɓi wannan ƙira, ta fara aiki da samfurin da ta sa wa suna Atlantic 21 a 1972. Hoare kuwa ya sayar mata da haƙƙin ƙirar a kan fam 1 kacal a 1973.

Ashe ke nan shi kansa jirgi mai tif ɗan gyara ne. Yagewa ce ta kawo shi, faci kuma ya raine shi. Yau sojojin ruwa da 'yan sandan ruwa da masu ceto da masu yawon shaƙatawa duk suna aiki da shi a ƙasashe da yawa.

Yadda Ake Gyaran Tif

Ganga da tif ba tare suke tsufa ba. Gangar faiba takan yi shekaru talatin ko fiye in an kula da ita, tif kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa. Yadin tif iri biyu ne aka fi sani. Akwai PVC, mai araha, wanda zafin rana ke saurin busar da shi har ya yi ɗanko ko ya tsattsage. Akwai kuma wanda aka sani da Hypalon, mai tsada, mai jure rana. Kamfanin DuPont mai wannan suna ya daina yin sa a 2010, amma wasu kamfanoni sun ci gaba da yin irin robar, sunan kuma ya zauna a bakin masu sana'ar. Tilas mai gyara ya fara gane wane yadi ne a gabansa, domin kowanne da irin gam ɗinsa, in an yi musu musanye facin ba zai daɗe ba.

Iskar da ke cikin tif ba ta da yawa, ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da ake hura wa tayar mota ba. Saboda haka ƙaramar ɓula ba ta yin ƙara, sai an neme ta. Mai gyara yakan hura tif ɗin, ya shafe shi da ruwan sabulu kamar yadda mai faci ke yi a bakin titi, ya duba inda kumfa ke tasowa, musamman wajen bawul da wuraren haɗi. In ya sami ɓula, sai ya yanko faci wanda ya zarce ta da kamar santimita 5 ta kowane gefe, ya goge wurin da samfefa in Hypalon ne, ya wanke shi da sinadarin da ya dace, ya shafa gam mai haɗi biyu sau biyu ko uku yana bari yana shan iska, sa'an nan ya manna ya danne. Wannan aiki ba ya son laima ko kaɗan. In an yi shi a ranar da iska ke da damshi, gam ɗin zai yi kamar ya kama alhali bai kama ba. Bayan an manna kuma sai an bar shi aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin a hura, cikakken ƙarfinsa kuwa sai ya yi kusan mako.

Akwai wani abu kuma da ido ba ya gani. An raba cikin tif ɗaki ɗaki, sau da yawa uku ko biyar, da shamaki na yadi a tsakani, domin in ɗaya ya fashe sauran su riƙe jirgin. Idan shamakin nan ya ɓalle daga ciki, tif ɗin zai huru tam, ya yi kyau a ido, amma ya koma ɗaki guda ke nan, ɓula ɗaya ta isa ta kwashe iskar duka. Ba a gane wannan sai an hura ɗaki ɗaya kaɗai an tsaya an ga ko maƙwabcinsa zai kumbura. In kuwa yadin ya tsufa har iska na tsatsowa ta ko'ina a jikinsa, to faci ya ƙare, sai dai a ɓamɓare tif ɗin gaba ɗaya a yanka sabo a manna.

Yadda Ake Gyaran Ganga

Ita ganga zaren gilashi ne da aka jiƙa da ƙaron masana'anta aka jera falle kan falle, aka rufe da wata fata mai sheƙi daga waje. In jirgi ya daɗe a ruwa, ruwan kan ratsa fatar nan ya tayar da ƙuraje, waɗanda in an fasa su sai wani ruwa mai warin tsami ya fito. Maganinsu shi ne a kankare, a wanke, a bar gangar ta bushe makonni ko ma watanni, sa'an nan a cike a shafe. Mai gaggawa kuwa sai ya cike su tun da damshinsu ya buga fenti, bayan shekara guda su dawo.

Babban haɗari yana ga allon baya. A yawancin tsofaffin jirage, katakon filawud ne aka naɗe da faiba ciki da waje. Ruwa yakan bi ramukan ƙusoshin inji ya shiga, ba shi kuma da hanyar fita, sai katakon ya ruɓe a ciki alhali fatar waje tana nan sumul. Wannan allo shi ne ke ɗauke da nauyin inji da dukan ƙarfin turinsa. Masu sana'ar sukan ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma: lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Sukan ɗaga ƙafar inji su danna su ga ko allon zai lanƙwasa, ko su huda ɗan rami su duba ko garin katakon busasshe ne ko jiƙaƙƙe baƙi. In ya ruɓe, sai an yanke fatar ciki, an ƙwaƙule ruɓar tas, an sa sabon katako an sake naɗewa. Haka nan ƙarƙashin daɓen jirgi, inda ruwa kan taru ya jiƙa soson da aka cusa don ƙarin taso, jirgin ya yi nauyi ba a sani ba.

To, mai karatu ya lura da abu guda. Duk abin da ido ke gani, watau fenti da sheƙi da kujeru, shi ne mai sauƙin kuɗi da saurin gamawa. Duk abin da rai ya rataya a kansa, watau shamakin cikin tif da katakon cikin allo da bushewar ganga da ingancin gam, a ɓoye yake, shi ne kuma mai cin kuɗi da lokaci. A wannan tazara da ke tsakanin abin da ake gani da abin da ake dogara a kai ne tambayarmu take zaune.

Tambayar Mutanen Atina

Marubucin nan na ƙasar Girka, Plutarch, ya ba da labarin cewa mutanen birnin Atina sun adana jirgin gwarzonsu Theseus zamani mai tsawo. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo. Har abin ya zama misali a bakin masu falsafa, wasu suna cewa jirgin shi ne dai, wasu suna cewa ya zama wani. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa miyar gishiri. Ya ce a ƙaddara wani mutum yana tsince tsofaffin katakan nan yana ajiyewa, daga baya ya harhaɗa su yadda suke tun farko. Ga jirage biyu ke nan. Wanne ne na Theseus?

Amsoshin da aka bayar ba su wuce uku ba in an tace su. Wasu sun ce abu shi ne kayan da aka yi shi da su, saboda haka in kayan sun sauya shi ma ya sauya. Wannan amsa tana da rauni, domin in mun bi ta, faci guda ɗaya ya isa ya mai da jirgi wani dabam, ba kuwa mai hankalin da zai yarda da haka. Wasu sun ce siffa ce asali. Ita ma wannan ba ta ishe mu ba, domin kamfani yakan zuba ganga ɗari a mazubi guda, siffarsu ɗaya, amma ba wanda zai ce jirgi ɗaya ne. Na uku suka ce abin lura shi ne ɗorewar tarihi: muddin sauyin yana zuwa kaɗan kaɗan, abin kuma yana ci gaba da aikinsa ba yankewa, to shi ne. Wannan ita ce amsar da mutane ke aiki da ita ko ba su taɓa jin sunan Plutarch ba. Gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe kowace shekara kafin damina gidan kakanni ne har gobe, ko da ƙasar da kakan ya taɓa da hannunsa ruwa ya daɗe da wanke ta. Babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda gininsa na yanzu ya samo asali daga 1907, mutanen gari ne ke taruwa su yaɓe shi shekara shekara, ba wanda ya ce sun sami sabon masallaci.

Hukuma kuwa tana da tata amsar, ita ce lamba. A Amurka, alal misali, tun 1972 doka ta tilasta a buga wa kowane ƙaramin jirgi lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12 a jikin allon baya. Inda lambar take, nan jirgin yake a idon doka. Sai dai ita lamba a fatar waje take. Ko katakon da ke bayanta sabo ne ko ruɓaɓɓe, lambar ba ta sauyawa. Tana gaya maka jirgin wane ne, ba ta gaya maka ko zai kai ka gaɓa.

Ra'ayina shi ne, amsa ta uku ta fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi. Jirgi sunansa ɗaya, tarihinsa ɗaya, shekarunsa kuwa da yawa. Mai yiwuwa ne tif ya zama ɗan wata uku, ganga 'yar shekara 30, inji ɗan shekara 8, katakon allon baya kuma ya riga ya mutu shekara biyar da suka wuce ba a yi masa jana'iza ba. Wanda ya manta da wannan yakan faɗa ɗayan ramuka biyu. Mai jirgi ya ce, ai jirgin nan shekara ashirin yana ɗaukar mu bai taɓa ba mu kunya ba. Ya aro amincin jiya ya ɗora wa katakon yau, alhali shekarun nan ashirin da yake alfahari da su su ne suka cinye katakon. Mai sayarwa kuma ya ce, ai an sabunta shi, sabo ne fil. Shi kuma ya aro amincin sabon tif ya ɗora wa tsohuwar ganga. Kowannensu ya faɗi rabin gaskiya, kuma ta cikin rabin da suka bari ruwa ke shiga. Daga nan tambayar asali ta tashi daga wasan masu falsafa ta zama tambayar amana.

Abin da Fenti Ya Rufe

A ƙarni na 19 an yi ta asarar matuƙa a Birtaniya saboda wasu masu jirage suna tura tsofaffin jirage teku da lodi fiye da kima, sun kuwa yi musu inshora mai tsoka. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka kafa dokar 1876 wadda ta tilasta zana layin iyakar lodi a jikin jirgi. Shekara guda bayan haka, a 1877, wani malamin lissafi mai suna William Clifford ya buga wata maƙala a kan ɗa'ar yarda da abu, ya kuwa buɗe ta da misalin mai jirgi. Mutumin ya san jirginsa ya tsufa, ya sha gyara, zuciyarsa kuma tana raya masa cewa ya kamata a bincika shi kafin ya ɗauki masu ƙaura. Amma binciken zai ci kuɗi. Sai ya riƙa lallashin kansa da cewa jirgin ya sha tsallake guguwa, Ubangiji kuma ba zai bar bayinsa su halaka ba, har ya kai ga yarda da zuciya ɗaya cewa lafiya lau ne. Jirgi ya tafi ya nutse. Clifford ya ce mutumin nan yana da alhakin rayukan, domin bai sami natsuwarsa ta hanyar bincike ba, ya same ta ne ta hanyar danne shakka. Ya ƙara da cewa ko da jirgin ya isa lafiya, laifin yana nan, sa'a kawai ya ci.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Mu mun saba auna aiki da sakamakonsa: in an sauka lafiya mai gyara gwani ne, in an nutse mugu ne. Alhali kuwa masu gyara biyu da suka shafe ruɓaɓɓen allo da fenti laifinsu ɗaya ne tun ranar da suka ajiye burushi, ko da jirgin ɗaya ya gamu da igiya na ɗayan bai gamu ba. Igiyar ruwa ba ta ƙara wa mutum laifi, tona shi kawai take yi.

Shari'ar Musulunci ta riga ta yi magana a kan wannan tun da daɗewa. Sananne ne labarin da ya zo a hadisi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji damshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya kuma nesanta mai algus daga tafarkinsa. A lura, mai abincin bai furta ƙarya da bakinsa ba, jera kayan kawai ya yi yadda aibin zai ɓuya. Fenti a kan ruɓa irin wannan jeri ne. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. A mazhabar Malikiyya kuma an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu suka keɓanta da su, saboda maslahar jama'a, domin mai kaya ba ya nan sa'ad da ake aikin. Hikimar a fili take: wanda ya keɓanta da sani, shi ya keɓanta da nauyi.

Sai dai a sha'anin jirgi akwai mutum na uku wanda ba ya cikin ciniki, watau fasinja. Mai saye yana iya ƙwanƙwasa allo, yana iya mayar da kaya. Yaron da aka ɗora a jirgi bai ƙwanƙwasa komai ba, in kuma aibi ya bayyana a tsakiyar ruwa babu wurin mayarwa. Mu a nan ba baƙin wannan baƙin ciki ba ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya ɗebo mutane fiye da ƙarfinsa ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, aka yi kwanaki ana tsamo gawawwaki. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Waɗannan ba jirage masu tif ba ne, amma tambayar ɗaya ce: wa ya san halin jirgin, me kuma ya yi da saninsa?

Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda kwanansa ya ƙare ko a sabon jirgi zai tafi. Gaskiya ne ajali na Allah ne. Amma ba a tambayar bawa a kan ajali, ana tambayarsa ne a kan abin da aka ba shi iko a kai. An umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali. Wanda ya ji allo yana amsa dum ya kau da kai, ya ce Allah ya tsare, ya mai da sunan Allah fenti ne kawai.

Wani kuma zai ce, in sai an tabbatar da komai kafin a shiga ruwa, to ba jirgin da zai bar gaɓa, talaka kuma ba shi da kuɗin sabon tif. Wannan ja ce mai ƙarfi, ba kuwa za a yi watsi da ita ba. William James na Amurka ma ya mayar wa Clifford martani a 1896, yana nuna cewa akwai al'amuran da dole mutum ya yanke shawara kafin hujja ta cika, ƙin yankewa kuma shi ma yankewa ne. Jirgin ceto da aka kira cikin dare ba zai tsaya jiran gam ya yi mako ba. Na yarda da wannan, amma akwai bambanci tsakanin shakkar da ba ta da magani da shakkar da maganinta guduma ce da ruwan sabulu. Ba wanda ya san irin igiyar da zai tarar gobe. Halin allon baya kuwa ana iya saninsa yau cikin minti goma, ba da ko kwabo ba. Talauci yana iya hana mutum sauya katako, amma ba ya hana shi ƙwanƙwasawa, ba ya hana shi faɗin abin da ya ji, ba ya kuma hana shi rage lodi ya tsaya kusa da gaɓa har Allah ya hore masa. Faci mai muni wanda kowa ke gani ya fi sheƙi mai ɓoye ruɓa. A cikin Suratul Kahfi ma, aibin da aka yi wa jirgin miskinan nan a bayyane shi ne ya zama sanadin kuɓutar jirgin daga hannun azzalumin sarki. Aibin da ke fili mai shi ya san da zamansa.

Na uku zai ce, to tun da gyara akwai haɗari haka, me zai hana a yar da tsohon a sayi sabo? Wannan ma ba mafita ba ce. Faiba ba ta ruɓewa ta koma ƙasa kamar itace, sake sarrafa ta kuma yana da wuya, shi ya sa gaɓoɓin ƙasashe da dama suke fama da gangunan da aka watsar. Yar da ganga mai sauran shekaru ashirin a jikinta saboda tif ya mutu almubazzaranci ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Gyara na gaskiya aikin kirki ne, yana rage ɓarna, yana kuma sa wanda ba zai iya sayen sabo ba ya sami abin hawa. Laifin da muke magana a kai na wanda ya sayar da kwalliya da sunan gyara ne.

Kammalawa

In mun tattara, abu uku ne ke wuyan mai gyara da mai jirgi. Na farko bincike, watau kada ya bar shakkar da zai iya kawarwa. Na biyu bayyanawa, watau ya faɗi abin da ya sauya da abin da ya bari da shekarun kowanne, da baki ko a rubuce, ga wanda zai saya ko zai tuƙa. Na uku tsayawa a iyaka, watau kada a ɗora wa jirgi lodi ko inji ko nisan da mafi raunin sassansa ba zai ɗauka ba.

Game da tambayar mutanen Atina kuwa, amsata ita ce jirgin shi ne dai, muddin tarihinsa bai yanke ba. Amma tun da tarihi ne ya sa ya zama shi, to wanda ya ɓoye wani ɓangare na tarihin ya ba mai saye wani jirgi dabam da wanda yake zaton ya saya.

Yawancinmu ba za mu taɓa manna tif ba. Amma cikinmu akwai waɗanda gobe za su sa hannu a takardar cewa gada ta ƙaru, ko magani ya inganta, ko ɗalibi ya cancanci shaida, mutane kuma su dogara da sa hannun ba tare da sun ga cikin aikin ba. Ranar nan in ta zo, kowa ya tuna ya ɗauki gudumarsa ya ƙwanƙwasa, in ya ji dum ya faɗa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.